Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Safar Hannun Hagu

A makon jiya na tsaya ne a inda na sayi kyamara da kuɗin da Yaya ya ce in tara na aure. Har yau in zancena ya taso a cikin dangi, "mai hoton shara" yake ce mini. To Yaya, na san kana karantawa, sai ka gyara zama.

Safar hannu ce abin da na fara ɗaukar hotonsa. Ta yaro, ja, ta hagu. Wani ne ya tsince ta a ƙasa, ya ɗora a kan benci ko mai ita zai dawo, dusar ƙanƙara ta binne mata yatsu biyu. Ina ganinta sai muryar Inna, Allah ya jiƙanta: "Duk abin da ka gani a yashe, da mai shi." Ko maɓallin riga muka share sai ta sa mun tsince.

Hoton bai yi ba. Ƙanƙarar da na gani fara fat ta fito toka-toka kamar tsohon zani. Na ɗauka kyamarar ce aka cuce ni da ita, ashe ma'aunin haskenta ne yake ɗaukar kowane wuri a matsayin tsaka-tsaki, in fari ya yi yawa sai ya rage. Kai za ka ƙara mata haske da hannunka, mataki ɗaya ko biyu. Batir kuma sanyi ke shanye shi, dole na biyu ya zauna a aljihun ciki, jikinka yana ɗumama shi. Ranar da na shiga ɗaki mai ɗumi da kyamarar kai tsaye, gilashin ya yi gumi ciki da waje, na kwana ina salati. Tun daga nan a leda nake ƙulle ta tun a waje, sai ta yi ɗumi in buɗe.

Shekara uku da suka biyo baya, aiki ne da barci, babu abin faɗa. Hunturun kawai nake tunawa, rana tana rarrafe ƙasa-ƙasa, inuwar ɗan kofin takarda ta miƙe ta fi kofin tsawo sau uku, kuma shuɗiya. Lema mai karyayyen ƙashi. Hular sanyi ta daskare kamar da kai a ciki. Ƙa'idata ɗaya ce, ba na taɓawa, ba na gyara wa abu zama. Masu jera kaya su ce tsinta suka yi, ni dai ba na ganin girmansu.

Daga baya ne na ji labarin Irving Penn, Ba'amurken da ya ɗauki hoton guntayen sigarin da aka tsinto a titin New York a 1972, gidan zane na MoMA ya baje su a 1975. Na tura wa Yaya. Ya amsa da "Allah ya shirya." Shi ke nan.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Da Inna ta rasu ban samu zuwa ba. Abu ɗaya na roƙa, tabaraunta mai ƙafa ɗaya da ta ɗaure da baƙin zare. Ko hotonsa ma ya ishe ni. Yaya ya ce ai an yi shara, an zubar. Matar da ta ce duk abin da ke yashe da mai shi! Tabarau goma sha ɗaya na ɗauki hotonsu a kan benci tun daga lokacin, na ƙirga, babu mai zare.

Na ma manta ban ƙarasa zancen safar ba. Kwana takwas ina komawa, tana nan, ƙanƙara ta rufe ta, ta narke, ta sake rufewa. Ran na tara babu ita, sai sawun ƙaramin takalmi da na babba a gaban bencin.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda Kawu ya shiga maganar auren.