Abin da na koya game da gandun teku, daga nan Damagaram

Nijar ba ta da gaɓar teku, shi ya sa wasu abokan karatuna a jami'a suka ɗauki darasin gandun teku kamar ɓata lokaci. Ana nufin yankin ruwa da hukuma ke keɓewa, ta hana kamun kifi a ciki ko ta taƙaita shi. Ni kuwa darasin ya shiga raina, domin duk abin da na karanta sai in hango tabkin Gidimuni da masuntansa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne binciken da aka buga a 2014 kan gandaye 87 a sassan duniya. Fiye da rabinsu, in ka ƙirga kifin ciki, ba su da bambanci da ruwan da ake jefa koma kullum. Suna ne kawai a takarda. Waɗanda suka yi albarka su ne inda aka hana kamu ɗungurungum, aka sa tsaro na gaske, wurin yana da faɗi, ya shekara goma ko fiye, kuma zurfin ruwa ko rairayi ya raba shi da wuraren kamun kifi.

A Cabo Pulmo ta ƙasar Meziko, masuntan ƙauyen da kansu suka nemi a rufe ruwan, aka yi hakan a 1995. Daga 1999 zuwa 2009 nauyin kifin wurin ya ninka fiye da sau biyar, manyan kifaye masu farautar ƙanana suka dawo. Wannan batu na manyan kifaye ya sa na daɗe ina tunani. Tsohuwar uwar kifi tana zuba ƙwai fiye da ƙananan mata da yawa in an haɗa su, kuma ita ce masunci yake fara nema saboda ta fi kuɗi. In aka bar ta ta tsufa, ƴaƴanta suna bazuwa har wajen iyakar gandun, su faɗa komar masu kamu a can.

A gandun Banc d'Arguin na Moritaniya kuwa, wanda aka kafa a 1976, mutanen Imragen, masuntan da ke zaune a wurin, su ne kaɗai ke kamu, da jiragen da iska ke turawa, babu na inji.

Ƙasashen duniya sun yi alkawari a 2022 za su kare kashi 30 cikin ɗari na teku kafin 2030. Tsorona kada a bi yawan fili a manta da tsaro. Kuma akwai tambayar da na ga littattafai suna wucewa da sauri: me masunci zai ci da iyalinsa a shekarun farko, kafin kifi ya dawo? Da za a rufe wani ɓangare na Gidimuni don tarwaɗa da karfasa su girma, wannan ce maganar da zan so a fara zama a kanta da Sarkin Ruwa da mata masu banda, tun kafin ma'aikatan ruwa da gandun daji su kafa allo.