Talata: Baba da kan sarki

Yanzun nan na shigo, ko hijabi ban cire ba na ce bari in rubuta kafin abin ya fice min a kai. Yau muka fara gwada tambayoyinmu na auna sanin ya-kamata a kan tsofaffi a kilinik, bayan wata biyu muna fama da fassara, mu juya zuwa Hausa wani daban ya sake mayarwa Turanci a ga ko ma'ana ta zube a hanya.

Na farko wani dattijo ne, ɗansa ya kawo shi saboda mantuwa. Na soma da tsohuwar tambayar nan da aka koya mana tun muna ɗalibai, na ce Baba in ka tsinci ambulan a hanya da adireshi da kan sarki a jiki, ya za ka yi? Ya dube ni ya ce "Likita, wane sarkin?" Wallahi da kyar na danne dariya. Amsar littafi wai ka jefa a akwatin gidan waya, to ni kaina yaushe rabona da ganin akwatin nan? Da na yi masa bayani sai ya ce ai mai unguwa zai kai wa, ko ya ba liman a yi cigiya bayan sallah. Na soke tambayar nan take.

Abin da ya kawo mu wannan wahalar shi ne MMSE, gwajin ƙwaƙwalwar nan da kowa ke amfani da shi, na su Folstein na 1975 mai maki 30, kwanan wata da lissafi da tuna kalmomi yake dubawa. Mutum zai iya cinye shi tas ya fita waje ɗan damfara ya kwashe masa fansho ta waya. A Amurka su Laura Rabin sun fito da wani gwajin auna sanin ya-kamata mai suna TOP-J a 2007, tambaya 9 kan tsaron kai da lafiya da kuɗi da zama da mutane, kowace amsa daga 0 zuwa 3, jimla 27. Tsarin muka aro, tambayoyin kuwa namu ne.

Rigimar a tambayar kuɗi ta tashi. Na ce wani ya kira ka ya ce daga banki yake, ka ba shi lambar katinka, Baba ya ce "Sai in ce ya dakata in kira babban ɗana." Ni 3 na ba shi. Abokin aikina da ke gefe yana nasa makin a ɓoye 1 ya bayar, wai dogaro da wani ne ba yanke hukunci ba. Haba! Tsohon da bai yi boko ba ya san inda iyawarsa ta tsaya, kuma bai ba da lambar ba. Muka yi ta musu har shayinmu ya huce.

Oga dai murmushi ta yi ta ce ai dalilin sa mutum biyu ke nan, in makinmu bai zo ɗaya ba laifin takardar ba da maki ne, mu koma mu gyara. Bayan haka ma akwai sake gwada su bayan sati biyu, da kwatanta makin da abin da iyalansu ke gani a gida.

Takardar na jakata, sai na yi isha'i zan buɗe, in an kawo wuta.