Ajin manya da daren tatsuniya a ɗakin karatun ƙaramin gari

Ɗakin karatun garinmu ɗakuna biyu ne da baranda, kanta shida, benci takwas. Shekara da shekaru ana buɗe shi ƙarfe takwas a rufe ƙarfe huɗu kamar kowane ofishin gwamnati, kuma ban da ɗaliban da ke shirin jarrabawa babu mai leƙowa. Da muka ƙudura buɗe ajin manya, sai muka gane cewa agogon ofis da agogon gari ba sa tafiya tare, dole ɗaya ya bi ɗaya.

Mun fara da manna sanarwa a bango, wanda wauta ce, tunda wanda muke nema bai iya karanta ta ba. Abin da ya yi aiki shi ne gaisuwa wurin hakimi, daga nan dagaci da masu unguwanni, sannan liman ya faɗa bayan sallar Juma'a. Ajin mata kuwa ba ya tsayuwa sai an sami malama mace, an kuma bi gida-gida an yi magana da masu gida. Sunan ajin ma abin lura ne. Tsofaffi na tuna Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, amma magidanci mai 'ya'ya goma ba zai shiga ɗakin da aka rubuta jahilci a ƙofarsa ba. Ajin manya muke cewa.

Maza daga bayan la'asar zuwa dab da magariba, kwana uku a mako. Mata daga ƙarfe biyu zuwa la'asar, an gama abincin rana ba a ɗora na dare ba, da tabarma ɗaya a baranda da yarinya mai kula da goyo. Ranar kasuwa babu aji. Zangon farko mun buɗe shi a watan Mayu, ruwa na sauka a Yuni benci ya zama wayam, kowa ya tafi gona. Yanzu a Nuwamba muke buɗewa, bayan an kai amfanin gona gida, mu rufe kafin shuka. Azumi yana matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka kowace shekara, don haka jadawalin bara ba ya yi wa bana aiki, sai an sake zama an tsara.

Kada aji ya wuce mutum ashirin ga malami ɗaya. Kowa a ba shi littafin rubutu ɗaya da fensir biyu da abin gogewa. Ban da biro, domin babba idan ya ga kuskurensa ya zauna daram a takarda sai ya yage shafin, mako biyu littafi ya ƙare. Littattafan koyarwa ana iya nemansu a hukumar ilimin manya ta jiha. Ta Kano tun 1980 take.

Ranar farko a raba aji biyu, waɗanda suka yi makarantar allo suka iya ajami, da waɗanda ba su taɓa riƙe alƙalami ba. Haɗa su shi ne babban kuskurenmu. Mai ajami ya riga ya san baƙi da wasali, abin da ya rage masa sabuwar siffa ce da juya hannu daga hagu zuwa dama. A rubuta masa kalma da ajami a gefen dama na allo, a rubuta ta da boko a hagu, cikin 'yan makonni zai kama. Inda yake tuntuɓe shi ne tsawon wasali. Ajami na nuna shi, boko ba ya nunawa, sai ya tsaya a kan "gari" yana tambaya na zama ne ko na tuwo. A koya masa ya karanta jimla har ƙarshe kafin ya yanke. Su kuwa sababbi, wasula biyar tukuna, sannan ba be bi bo bu. Kada a koyar da b da d a mako ɗaya, kada kuma a kawo ɓ da ɗ da ƙ sai marasa lanƙwasa sun zauna. Tun makon farko kowa ya rubuta sunansa da lambar wayarsa, don abin da ya kawo yawancinsu ke nan: sa hannu a banki ba tare da dangwale ba, karanta saƙon waya, gane takardar asibiti.

Idan dattijo ya kasa, a duba idonsa kafin a ce kansa ne. Da yawa daga waɗanda suka haura arba'in ba sa ganin ƙananan baƙaƙe a kusa, kuma ba za su faɗa ba. Muna ajiye tabarau na karatu guda shida masu ƙarfi daban-daban a cikin akwati.

Daren tatsuniya sau ɗaya ne a wata, lokacin farin wata, bayan isha'i, a tsakar filin ɗakin karatu. Tabarma goma, fitilar sola biyu, randar ruwa. Mun gwada lasifika sau ɗaya, tsohuwar da ke zuba Gizo da Ƙoƙi kamar ruwa ta daskare, ta koma magana kamar mai jawabi a taro. A bar ta da muryarta, yara su matso. A buɗe da kacici-kacici na minti goma har masu makara su iso, sannan a ji "ga ta nan, ga ta nanku". Tatsuniya uku sun isa, ta huɗu rabin yara sun yi barci. A ba iya goro da kuɗin mashin, kada a jira ta tambaya.

Muna ɗaukar murya da waya. A nemi izini, kuma izinin ya shiga cikin abin da aka ɗauka. A kashe layin waya kada kira ya katse, a ɗora ta a kan tsumma kamu ɗaya daga bakin mai magana. A daren a sa wa kowace murya kwanan wata da sunan mai ita da na tatsuniyar, a kwafe wuri biyu. Mun taɓa asarar aikin wata huɗu da waya ɗaya ta faɗa ruwa. Rubuta minti goma na magana yana cin kusan awa guda. A rubuta yadda ta faɗa, da karin harshenta, kada a gyara mata Hausa. Waɗannan muke bugawa da manyan baƙaƙe, shafi biyu-biyu, su zama abin karantawa a ajin manya, kuma sun fi kowane littafi saurin shiga, tunda mai karatu ya san inda labarin ya dosa.

Takardun nan da littattafai gara ce abokiyar gabarsu. A janye kanta taƙi ɗaya daga bango, a ɗora ƙafafunta a kan bulo, duk Asabar a leƙa bayanta a kankare duk hanyar ƙasa da aka gani. Da hunturu a rufe tagogin gabas, a kakkaɓe da busasshen tsumma.