Abin da aikin hon ɗin iska ya koya min kafin na bar gareji

Tunda na bar garejin nan mutane ke ta tambayata wai me ya haɗa ni da oga, wasu ma har sun yanke hukunci cewa girman kai ne ya taso min don na fara iya aiki. To ba haka ba ne. Magana ce ta wayarin ɗin hon ɗin iska da aka sa wa wata Hilux, kuma tunda yaran da suka zo a bayana suna can har yanzu suna kallon yadda ake yi suna ɗauka shi ne daidai, gara in faɗi abin da na sani.

Duk mai wayarin ya san hon ɗin iska kala biyu ne. Akwai ƙaramin nan da kwamfuresa ke hura ƙahon kai tsaye, ka danna ya yi kuka ka saki ya yi shiru. Sai babban mai tanki wanda masu a-kori-kura suka fi so. Shi wannan kwamfuresa ce ke cika tanki, akwai firesha suwic da ke tada ta in ƙarfin iska ya sauko 110 psi (ma'aunin ƙarfin iska kenan) ya kashe ta in ya kai 150, sai solinoid da ke buɗe wa iska hanya zuwa ƙaho in an danna. Irinsa aka kawo mana. A jikin kwamfuresar an rubuta tana jan wuta sama da amfiya 20, kuma abin da da yawa ba sa lura da shi, ba daidai take ja ba daga farko har ƙarshe, tana farawa da sauƙi, iska na taruwa a tanki tana ƙara shan wahala tana ƙara jan wuta, ga shi ba wai ƙiftawa da bismillah take gamawa ba, mintuna take yi tana aiki kafin ta tsaya.

Ni dai na shirya kayana yadda ya kamata. Waya mai kauri 6mm daga kan batir, fiyus mai amfiya 30 dab da batir ɗin, sai rilay, wato suwic ɗin da 'yar ƙaramar wuta ke kunnawa ya buɗe wa babbar wuta hanya, irin mai ƙafa huɗu ɗin nan da kowa ya sani. Ƙafa mai lamba 30 ita ke karɓar wuta daga batir, 87 ta tafi wajen kwamfuresa, 86 ta ɗauko 'yar wuta daga layin makulli ta bi ta firesha suwic, 85 a ɗaure ta a jikin shasi. Amfanin abin shi ne wayar motar ta asali ba ta ɗaukar nauyin komai sai na tada rilay, wanda ko rabin amfiya bai kai ba, babbar wutar kuma ta bi tata hanyar daban daga batir. Sannan tunda ta makulli aka bi, in an kashe mota kwamfuresa ba za ta tashi da tsakar dare ta cinye batir ba don iska ta ɗan zurare.

Ina cikin jan wayar oga ya zo ya tsaya a kaina. Ya ce "kai yaro wannan duk na mene ne, mai mota na jira kai kana nan kana jan waya daga gaba har baya? Ga wuta nan a layin soket ɗin caja, ɗauka daga nan ka ba kwamfuresa shikenan." Na ce "oga ka yi haƙuri, fiyus ɗin layin nan 15 ne, wayar ma siririya ce ba za ta ɗauka ba." Wallahi a hankali na faɗa, ban ɗaga murya ba. Sai ya ce "ni za ka koya wa aiki? Lokacin da na fara riƙe filaya kai ko tafiya ba ka fara ba." Ya karɓe rilay ɗin da wayar ya mayar cikin shago, ya tsaya a wajen sai da ya ga an haɗa yadda yake so.

Aka kunna. Kwamfuresa ta tashi, allurar geji na hawa, tana gab da kaiwa ƙarshe fiyus ya tsinke. Abin da na faɗa kenan ya fito fili a gaban kowa, na yi zaton nan zai ce a dawo da rilay. Ina! Hannu ya sa a aljihu ya ciro fiyus mai 30, koren nan, ya cire shuɗin mai 15 ya danna shi da hannunsa. Tanki ya cika, aka danna hon gareji ya ɗauka, mai mota na ta murna ya ja motarsa ya tafi.

Nan ne nake so yara masu koyo su tsaya su fahimta, domin wannan ɗabi'ar ta ƙara girman fiyus ta yi yawa a cikinmu. Fiyus ba don kwamfuresa aka sa shi ba, ba don rediyo ba, don waya aka sa shi. Kamfanin da ya ƙera motar ya duba kaurin wayar ne ya zaɓi lambar da za ta tsinke kafin wayar ta yi zafin da zai narka robarta. In ka sa 30 a gurbin 15, wayar ba ta ƙara kauri ba, kawai ka cire abin da zai mutu a madadinta ne. Kuma zafin waya ba ninki biyu yake yi ba in wuta ta ninka, ninki huɗu yake yi. To ka haɗa wannan da kwamfuresar da ke tashi duk sanda aka busa hon sau biyu ko uku, wayar kuma tana cikin ƙunshin wayoyi a bayan dashbod an naɗe su da salatif ko iska ba sa sha.

Ba a daɗe ba motar ta dawo. Mai ita ya ce yana cikin tafiya ya ji ƙaurin roba, sai hayaƙi ta ƙasan sitiyari, Allah ya taimake shi ya yi saurin kashe mota ya cire kan batir. Da muka buɗe, wayar soket ɗin ta narke ta manne da maƙwabtanta, rediyo ya mutu, fitilun dashbod sun mutu, bakin akwatin fiyus ɗin ma ya narke. A gaban mutumin nan oga ya juyo ya nuna ni ya ce "ranka ya daɗe ka yi haƙuri, yaron nan ne na ba shi aikin na fita, ka san yaran yanzu ba sa jin magana." Na fita fa ya ce! Mutumin da ya tsaya a kaina, wanda fiyus ɗin daga aljihunsa ya fito. Waɗanda aka yi abin a gabansu kowa ya sunkuyar da kai, ban kuma ga laifinsu sosai ba, kowa abincinsa yake karewa. Laifi tudu ne dai.

Ni na kwance dashbod, ni na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya na yanke wanda ya ƙone na jona sabo, kuɗin kayan kuma daga haƙƙina aka cire. Amma duk wannan bai ci min rai ba kamar lokacin da aka zo sake haɗa kwamfuresar, ya shiga shago ya fito da rilay ɗin nan da wayar nan da ya karɓe a hannuna, ya miƙo min a gaban mai motar yana cewa "ka ga yadda ake yi, da ka tambaye ni tun farko da ba a kai ga haka ba." Na karɓa na haɗa. Har ranar da na kwashe kayan aikina bai taɓa kirana gefe ya ce min komai a kan maganar ba, ni kuma abin da nake jira kenan, ko ba haƙuri ba ya dai nuna ya san abin da ya faru.

Sauran abubuwan da na koya a aikin hon ba su da tsawo. In za ka ɗaure wayar negetif a shasi ka kankare fenti da tsatsa sai ƙarfe ya fito fes, rabin kwamfuresar da ake cewa ba ta da ƙarfi matsalarta kenan. In waya za ta ratsa bangon da ya raba injin da cikin mota ka sa mata zoben roba, in ba haka ba bakin ƙarfe zai yanka ta a hankali. Kwamfuresa da tiyo su yi nesa da salansa, kuma kar a sa ta inda taya ke watso ruwa da laka. Bakin ƙaho ya ɗan kalli ƙasa don ruwa ya riƙa zubewa. Ka shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar tiyo, inda ya yi kumfa nan iska ke fita. Tanki yana tara ruwa a ciki, ka nuna wa mai mota ɗan famfon da ke ƙasansa ya riƙa buɗewa. Ka bar masa hon ɗin motar na asali da suwic na zaɓi, don wannan ƙarar ba ta cikin mutane ba ce, tana iya lalata kunnen wanda ke kusa. Wayoyi masu ruwan ɗorawa da ke wajen sitiyari kuwa na iyabag ne, wato jakar iskar da ke fitowa in an yi hatsari, ko tasta kar ka kai musu.

A inda nake aiki yanzu, duk motar da zan taɓa sai na ɗauki hoton akwatin fiyus ɗinta da wayata ta hannu kafin in fara da kuma bayan na gama, in akwai rilay da na sa shi ma in ɗauka, in tura wa mai motar. Wasu na cewa na cika tsanani. Kwanan baya wani ya kawo Ford Ranger yana sauri ya ce in ɗauki wuta ko ta ina ne ya samu ya wuce, na ce masa Alhaji in dai ni zan haɗa to daga batir za ta fito da fiyus da rilay ɗinta, in kuma ba za ka iya jira ba ga makullinka. Ya ɗan yi mita, sannan ya ja benci ya zauna.