Takarda ɗaya, hannu huɗu

Shagona na fassara ne, a Kano. Mu huɗu ne: ni, masu fassara biyu, da wani dattijo, tsohon malamin makaranta, da ke duba mana ƙa'idar rubutu daga gidansa a Zariya. Yawancin aikinmu ƙasidun kiwon lafiya ne da na noma, daga Turanci zuwa Hausa.

Da can ta WhatsApp muke jifan juna da aiki. Wannan ya gyara ya turo, wancan ya gyara tsohon kwafi shi ma ya turo, kafin la'asar wayata ta cika da "na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre", "na ƙarshen gaske". Ranar da muka kai wa maɗaba'a kwafin da Malam bai duba ba, daga aljihuna kuɗin sake bugu ya fito. A makon muka koma Google Docs.

Abin ba wuya. Takardar guda ɗaya ce, tana zaune a intanet, kowa ya shiga ita zai tarar, har kana ganin inda ɗan'uwanka yake rubutu a lokacin. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta ya ishe mu, rubutu ba ya cin wuri. In an ɗauke wuta ko data ta ƙare, wanda ya kunna aiki ba intanet tun farko sai ya ci gaba, in sabis ya dawo gyaransa ya hau. Microsoft Word ma na yin haka ta OneDrive, ma'ajiyarsu ta intanet, mu dai wannan muka saba da shi.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne wajen ba da izini. Iri uku ne: mai kallo kawai, mai yin tsokaci, da mai gyara. Ni na taɓa ba wani wanda ya kawo mana aiki izinin gyara, don kunya. Ganin ƙ da ɗ da ɓ, sai ya ɗauka kuskuren na'ura ne, ya bi dare ya "gyara" mana. Da safe ƙasidar rainon jarirai na cewa uwa ta wanke "danta" da ruwan "dumi", ɓera ya zama bera. Tarihin gyare-gyare ne ya cece mu: na buɗe, na ga sunansa da lokacin da ya shiga, na dawo da kwafin jiya. Tun daga ranar, wanda ya kawo aiki tsokaci kawai yake samu, ko wane ne shi.

Malam ne ya fi ba ni mamaki. Da farko cewa ya yi shi dai a kawo masa takarda da jan biro. Da na nuna masa yanayin ba da shawara, inda gyaransa ke fitowa da launi, tsohon rubutun kuma an ja masa layi har sai na amince, sai ya gyara zaman tabarau.

"To ai wannan jan biro ne, yaro."

"Shi ne, Malam, sai dai ba ya ƙarewa."

Yanzu bayan sallar asuba nake tarar da tsokacinsa a gefen shafi. Na jiya cewa ya yi: "ko ina" haɗe ake rubuta shi, sau nawa zan faɗa?