Abin da na koya daga aikin Mark Johnson a Wisconsin

A 2002 ne kocin hokin ƙanƙara na maza a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Jeff Sauer, ya ajiye aiki. Mataimakinsa na shekara shida, Mark Johnson, ya nemi kujerar, kuma ba wanda zai ce bai cancanta ba. Mahaifinsa Bob Johnson ne ya ɗaga sunan ƙungiyar tun da farko. Mark ɗin kansa ya ci ƙwallo biyu ranar da samarin Amurka suka doke Tarayyar Sobiyat da ci 4-3 a gasar Olamfik ta 1980, ɗaya saura daƙiƙa guda a tafi hutun farko. Ya kuma yi shekara 11 a gasar ƙwararru ta NHL. Duk da haka aka ba Mike Eaves.

Sai Johnson ya karɓi ƙungiyar mata, wadda a lokacin shekararta uku kacal da kafuwa.

Ina horar da 'yan mata wasanni a makarantar sakandare, na kuma san irin kallon da ake yi wa wannan aiki: na wanda bai samu na maza ba. Mafi yawanmu riƙon ƙwarya muke yi masa, ido na kan ƙofa. Johnson kuwa zama ya yi daram, sama da shekara ashirin. Abin da ya fi jan hankalina shi ne wasan matan ba kwafin na maza ba ne. A dokar jami'o'i an hana 'yan mata bangazar abokiyar karawa da jiki don ƙwace faifan robar nan da ake bugawa. Ke nan ƙarfin kafaɗa ba zai fisshe ki ba, sai gudu a kan ƙanƙara, da iya sarrafa sanda, da sanin inda za ki tsaya kafin faifan ya iso. Kocin da ya zo da tsarin maza kai tsaye, 'yan wasansa a bencin hukunci za su ƙare. Dole ka zauna ka koyi wasan da ke gabanka, ko da kai tauraro ne a wani. Ni ma tun da na gane haka na daina auna ɗalibaina da mudun samari, na koma duba abin da suka fi iyawa.

Kofin gasar jami'o'i ta ƙasa bai zo ba sai 2006. Daga nan ya biyo a 2007, 2009, 2011, sai shiru har 2019, sannan 2021, 2023 da 2025. A hannunsa taurarin hokin matan Amurka Hilary Knight da Meghan Duggan suka taso, shi ne kuma ya kai matan Amurka ga lambar azurfa a Olamfik ta 2010.

Amma fa kada a yi wa labarin kwalliya fiye da kima. Johnson ya shigo da suna, suna kuwa yana sa hukumar jami'a ta yi haƙuri da kai, iyaye su sakar maka 'ya'yansu. Nadine Muzerall ba ta da irin wannan gata. Ta yi shekaru tana mataimakiyar koci a Jami'ar Minnesota kafin Jami'ar Ohio State ta ɗauke ta a 2016, ƙungiyar da ba ta taɓa shiga gasar ƙasa ba, ta kuma ɗauki kofi a 2022 da 2024. Da Muzerall ta nemi horar da maza, ina shakkar ko za a ma kira ta ganawa.