Godiya Bayan Kammala Aikin Yanar Ido

Alhamdu lillahi, an kammala aikin cire yanar ido da dasa madubin roba a cikin ido lafiya. Mu ma'aikatan sashen ido muna godiya ga likitoci da nas-nas na ɗakin tiyata, da 'yan'uwan da suka riƙo hannun iyayensu suka kawo su. Allah Ya saka da alheri.

Godiya ta musamman ga masu awon ido, waɗanda ba kasafai ake tunawa da su ba. Su ne suke auna tsawon ƙwayar ido da lanƙwasar gabanta kafin a zaɓi ƙarfin madubin da za a dasa. Kuskuren milimita 1 a awon tsawon kan jawo kuskuren kusan lamba 3 ta tabarau, komai ƙwarewar mai tiyata.

Iyayenmu da aka yi wa aiki, mun gode da haƙurinku. Gani dishi-dishi a kwanakin farko ba abin tsoro ba ne, kumburi ne ke sauka. Farin kaya zai yi muku fari fat har da shuɗi-shuɗi, domin yanar da aka cire ta daɗe tana rina komai ruwan ɗorawa. Fitilar mota da dare kan yi zobe ko ta kashe ido, galibi yana raguwa. Madubin da aka fi dasawa nesa yake gyarawa, karatu sai da tabarau, kuma ba a auna tabarau ɗin sai bayan mako 4 zuwa 6, idan ido ya zauna.

Masu jinya, aikinku bai ƙare ba. A wanke hannu, a ja fatar ido ta ƙasa, a ɗiga ɗigo ɗaya na maganin ido ba tare da bakin kwalba ya taɓa ido ba. Idan magani biyu ne, a bar minti 5 tsakani, kada na biyu ya wanke na farko. Ban da murza ido.

Ciwo mai tsanani, ja da ke ƙaruwa, gani da ke raguwa, walƙiya ko wani abu kamar labule a gefen gani: a dawo asibiti a ranar, kada a kwana.

Idan bayan watanni ko shekaru gani ya sake yin hazo, ba yanar ce ta dawo ba. Jakar da madubin ke zaune a ciki ce ta dusashe, kuma ana buɗe ta da hasken leza cikin 'yan mintoci, babu yanka.